Jirgin Evert a Gudun Tarakta

Granbo, Värmland
Watan Afrilu

Zuwa ga ƙawata Solveig,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk mutanen Nebraska, har waɗanda ban sani ba. Yaya gwiwar? Kin ce an cire tsohuwar an sa miki ta ƙarfe. To barka, ke ma kin shiga layin motocin da aka canja wa kaya. Mu nan mun gode Allah. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, tsakar gida ta zama taɓo.

Kin tambayi jikin maigidana Evert. Zan gaya miki gaskiya, ba irin wadda nake gaya wa matan coci ba. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a farkon hunturu, ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda. Hannun bai dawo ba. Maganar tana nan, amma ya ɓoye ta, don yana jin kunyar yadda take fitowa a karkace. Likita ta ce in ba ya motsa harshen kullum, zai daskare gaba ɗaya. Ta ce a riƙa fita da shi, a haɗa shi da mutane. To ita ɗin ce kuma ta karɓe masa lasisin tuƙi. Ban ga laifinta ba. Amma tun ranar ya dasa kujera a bakin tagar kicin, yana kallon tsohon ɗakin shanu inda Jirgi, wato tsohuwar motarsa, yake kwance cikin mayafinsa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Solveig, mutumin da ya cinye rabon mutum huɗu a bikinki! Kullum ina ganin yana ƙanƙancewa cikin rigarsa, kuma ina jin tsoro.

Jirgi kuwa ai ta hannunku ya zo. Marigayi Harold ɗinki ne ya tsinto Oldsmobile ɗin nan a bayan gonar wani manomi, kaji suna ƙwai a ciki, ya ɗoro mana shi ta teku. Da ya iso 'yan ƙauye suka ce ya fi kwalekwalen fito tsawo, sunan ya bi shi. Kowace shekara irin wannan lokacin Evert yake tashinsa daga barci. Ya yaye mayafi, ya duba ko ɓeraye sun ci waya, ya tayar da inji har kofuna su yi rawa a kicin ɗina. Bana ko makullin bai tambaya ba. Ni kin san ban taɓa koyon tuƙi ba, tun ranar da na gwada na rushe akurkin kajin surukata. Ɗanmu Joakim kuma yana kan hanyar Norway da motar katako, sai ƙarshen mako ake ganinsa, a gajiye.

Yanzu ga maganar jikanki Wade, da kika ce yana son ya sayi Jirgi ya mai da shi Amurka. Ku mutanen can kuna ba ni mamaki. Kun jefar da abu a juji, mun tsince, mun wanke, mun yi shekara arba'in muna goge shi da tsumma mai laushi kamar jariri, yanzu kun tuna naku ne. Ga shi kin ce Wade ɗin ma 'yar ƙaramar motar Jamus yake hawa zuwa aiki, wadda ya sauke ƙasa har ba ta iya tsallake safar hannu in ta faɗi a titi. Maƙwabcinsa kuma wai yana neman tsohuwar Volvo mai kama da akwati ido rufe. Irin wadda fastonmu yake kai dankali da ita!

Joakim ya ce a sayar, tun da ba mai hawa. Na gaya wa Evert. Ya dube ni, ya mai da ido taga. Shi ke nan amsar.

Wadda kawai take sa shi ya juyo ita ce Majken, 'yar Joakim. Za ta cika sha biyar a watan gobe. Kullum ta taso makaranta sai ta biyo, baƙin mai a ƙarƙashin farce, ta cinye mini burodin kirfa. Na ce mata ba mai auren yarinya mai warin gareji. Ta ce, "To ke ya aka yi kika auri garejin gaba ɗaya?"

Ki gai da kowa. Ki taka a hankali da sabon ƙarfen naki.

Taki har kullum,
Gunhild

Granbo
Watan Mayu

Zuwa ga ƙawata Solveig,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta gidanki duka, ina fata gwiwar ta daina ƙara. Itatuwa sun yi ganye a nan, tafki ya buɗe. Zauna da kyau, don ina da labari.

Kin tuna yadda iyayenmu suke yanke tsohuwar mota su mai da ita tarakta, lokacin da ta gaske ta fi ƙarfin talaka? To dokar nan tana nan ba ta mutu ba, yaran ƙauye ne suka gaje ta. Ɗan shekara sha biyar ba ya tuƙa mota, amma yana tuƙa tarakta. Sai su samo tsohuwar mota, su cire kujerar baya su toshe wurin, su ɗaure injin yadda ba zai wuce kilomita talatin a awa ba, su liƙa jar alama mai kusurwa uku a baya. Mai duba motoci ya buga hatimi, ta zama tarakta, ko da ba ta taɓa ganin gona ba. In kin gan su da yamma suna rarrafe a titi, kiɗa yana girgiza gilashi, sai ki ɗauka jana'izar makaɗi ake yi.

Ranar da Majken ta cika sha biyar, muna shan kofi, ta ajiye kofi ta ce, "Tsoho, ba ni Jirgi in mai da shi tarakta."

Cokali ya faɗi daga hannuna. Evert ya juyo daga taga ya ce, "Me kika ce?" Tas maganar ta fito, ba karkacewa.

Ta ce, "In kai ka duk inda kake so. Na auna kujerar gaba, mutum uku take ɗauka. Motocin nan namu biyu kawai suke ɗauka a gaba, ina zan sa Kaka Gunhild, a but?"

Ya ce, "Talatin? Inji mai silinda takwas?"

Ta ce, "Yaushe rabonka da wuce talatin da shi? Duk zagayen da kuke yi a garin Sunne ran taron motoci, masu tafiya a ƙasa suna wuce ku suna lasar askirim."

Ya ce, "Fita min daga kicin, mara kunya." Ta fita tana dariya. Shi kuma, don tsabar fushi, ya cinye burodin kirfa biyu bai sani ba. Ni dai na tura masa na uku.

Labari ya kai kunnen Sixten. Kin tuna shi, mai rigar fata, wanda ya taɓa neman ki kika ce warin man gashinsa yana sa ki atishawa. Yanzu shi ne shugaban ƙungiyar masu motocin Amurka ta nan, kuma har yau yana shafe 'yan gashin da suka rage. Ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Evert, in ka bari aka sa zarto a motar nan, kar ka shigo layinmu. Gara ka ba Ba'amurken, ta koma gida da mutuncinta." Na ce, "Sixten, kai da aka cire maka haƙora duka aka sa na roba, wa ya kore ka daga layi?" Bai tsaya shan kofi ba.

Ran Lahadi kuma Wade ya kira ta wayar hoto, Majken tana fassara. Yaron kirki ne, Solveig, gemu kamar tsintsiya, ladabi kamar ɗan fasto. Ya zagaya da mu garejinsa, wanda ya kai cocinmu girma. Ya ce, "Baba Evert, zan mai da shi sarki." Zai sa masa sabon inji mai kwamfuta, ya rage tsawon rufin da tafin hannu ɗaya, ya sa tayoyi masu faɗi, ya fita da shi filin tsere. Evert ya saurara, sannan ya haɗa kalmomi da ƙyar ya ce, "Tsohon injin fa?" Wade ya ce, "Zan wanke shi tas, in ɗora masa gilashi ya zama teburin falo. Duk wanda ya shigo sai ya gan shi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, girmamawa yake nufi, na gani a fuskarsa.

Da aka kashe waya Evert ya ture ta gefe. Can ya ce, "Kowa da zartonsa ya zo."

Bai zaɓa ba tukuna. Ya koma bakin taga. Amma yanzu in yana kallon ɗakin shanun, leɓensa yana motsi, kamar mai gardama da wani.

Ki gai da Wade, ki ce ina son gemun.

Taki,
Gunhild

Granbo
Watan Yuni

Zuwa ga Solveig, ƙawata ta tun muna 'yan mata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata zafin Nebraska bai narkar da ke ba. Wasiƙarki ta iso da fushinta. Kin ce mun raina Wade, kuma ɗaure irin wannan inji zalunci ne, don a can an ƙera shi ne domin hanya miƙaƙƙiya da ba a ganin ƙarshenta. Na yi ta tunanin maganar ina feren dankali. Ina jin gaskiyarki. Ku a can kuna shiga mota ne don ku bar gari. Mu a nan muna shiga ne don mu zagaya gari, mu dawo inda muka tashi, a gan mu, mu ga mutane. Evert bai taɓa taka Amurka ba, kin sha gayyatarsa yana cewa baɗi. Ina jin Amurkar da yake so tana cikin ɗakin shanunmu, kuma ya san in ya je can ba zai same ta ba. Ke kika tafi, ni na zauna ina zagaye. Ban ce wata ta fi wata dabara ba.

To, ya zaɓa. Wata safiya na fito da kofi na tarar da kujerar taga ba kowa. Na leƙa ɗaki, ba ya nan. Sai na ji kofuna sun fara rawa. Na same shi a ɗakin shanu, ya jingina da sanda, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan bonet, Majken tana kan sitiyari tana taka mai kaɗan kaɗan. Idonsa a rufe. Da rana muna cin abinci ya ce mini, a hankali, kalma bayan kalma, "Wancan zai bar jiki ya cire zuciya. Wannan za ta bar zuciya ta ɗaure ƙafa." Ya bugi ƙafarsa ta hagu da cokali. "Na san wanne ake iya zama da shi."

Sharaɗinsa ɗaya, ba zarto. Duk abin da za a cire, a kwance shi da sifana, a adana.

Nan aka yi abin dariya. Majken ta zo da akwatin kayan aikinta, ta kama noti na farko, sifana ta zame ta cinye masa kai. Kayanta duk na milimita ne, Jirgi kuwa inci yake ji. Da kin ji ihun Evert! Ya sa ta jawo tsohon akwatinsa, ya zauna a kan bokiti, ita tana ƙarƙashin mota shi yana kiran lamba. "Tara cikin sha shida! Na ce tara, kurma! Bakwai kika ɗauko!" Ita kuma tana cewa, "Wane mahaukaci ne ya ƙirƙiro awo da gutsattsari? Ba su iya ƙirga goma ba ne a can?" Solveig, takardun motsa harshe da likita ta ba shi suna nan a kan firji, bai taɓa buɗe su ba. Amma sati uku yana ihun sha shida da talatin da biyu, yanzu har zagi yana fita sumul.

Ranar cire kujerar baya ce ta taɓa ni, ban zata ba. Na tsaya na ce ban yarda ba, ai a kan kujerar nan aka fara shirin zuwan Joakim duniya. Majken ta toshe kunne ta ce, "Kaka! Ubana ne fa!" Evert ya yi dariya har da tari, rabonsa da dariya tun kafin ciwon. Da aka ɗaga ta, aka sami fil ɗin gashina, da wata busasshiyar ƙwayar masara a maƙale cikin waya, ta gonar manomin nan naku. Yanzu kujerar tana barandarmu, mun ɗora ta a kan katako.

Joakim ya yi ta mita, amma shi ya yi waldar ƙugiyar jan kaya da doka ta ce sai an sa. Majken ta sa bel ɗin ɗaure jiki guda uku a gaba. Mai duba motoci ya zagaya Jirgi yana girgiza kai, ya ce abin tausayi ne, ya buga hatimi, sannan ya roƙi a ɗauke shi hoto a ciki.

Amma ban saki jiki ba. Ranar da aka liƙa jar alamar a bayan motar, tsakanin fitilun nan masu kama da fukafukai, Evert ya dube ta ya koma gida bai ci abincin yamma ba. Sixten bai sake zuwa ba, sauran 'yan ƙungiyar ma haka. Taron motoci na Sunne sati biyu ne ya rage. Tun yana saurayi bai taɓa fashi ba. Na tambaye shi ko za mu, ya ce, "In je a yi min dariya?" Ina tsoron duk wahalar nan ta ƙare a bakin taga.

Ki sa mu a addu'a, ko da kina fushi.

Taki,
Gunhild

Granbo
Watan Yuli

Zuwa ga ƙawata Solveig,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da duk naki. Na gode da katin, na kuma gode wa Wade da hular da ya aiko wa Majken. Ba ta cire ta ko a coci.

Ran Asabar ɗin taron motocin, Majken ta wanke Jirgi tun da safe ta fito da shi tsakar gida. Evert ya sa rigarsa ta fata, ya taje gashi, sannan ya zauna a bakin taga ya ce ba ya zuwa. Ban roƙe shi ba. Na ɗaura ɗankwalina mai ɗigo ɗigo, na shafa jan baki, na je na zauna a tsakiyar kujerar gaba, inda nake zama lokacin da ƙuguna yake rabin haka. Na leƙo na ce, "Tsoho, ni da direbana mun shirya. In ba ka zo ba, zan tsaya in ɗauki Sixten a hanya." Ba a jima ba na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa.

Kin san hanyar Sunne, bakin tafki, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Muka hau ta a kan talatin ɗinmu. Injin yana gurnani kamar zai tashi sama, mu kuma muna tafiya kamar masu raka amarya. Kafin mu kai gada layi ya taru a bayanmu. Ana ta danna hon. Wani Bajamushe mai motar yawon shaƙatawa ya wuce mu yana ɗaga hannu, ban san ko gaisuwa ce ba. Evert ya sunkuyar da kai, ya ƙura wa gwiwarsa ido. Na ji jikinsa ya sandare a gefena.

Sai Majken ta dubi madubi ta ce, "Tsoho, kar ka waiwaya. Sixten ne a bayanmu."

Ya waiwaya mana. Ga koriyar Buick ɗin Sixten daf da jar alamarmu, bayansa kuma 'yan ƙungiya duka, har inda ido ya tsaya. Muka fito miƙaƙƙen wurin nan na gonar Olsson, inda kowa yake wucewa. Majken ta raɓe gefe ta ba su hanya. Sixten bai fita ba. Na bayansa ma bai fita ba. Haka muka bi miƙaƙƙen wurin har ƙarshe, manyan motocin Amurka sun jeru a bayan tarakta.

Evert ya ce, "Sauke min gilashi." Na miƙa na murɗa masa. Ya ɗora gwiwar hannunsa ta dama a bakin taga, ya ɗaga haɓa.

Da muka shiga gari, mutane maƙil a gefen titi, wasu a kan kujerun naɗewa, wasu a kan rufin mota. Aka fara kiran sunansa. Yana amsawa, Solveig, da baki, kowa da sunansa, a karkace ko a miƙe bai damu ba. Majken kuwa ta ɗan rikice da taron, ta manne wa talatin ɗinta, har muka fara barin na baya. Sai ya buga mata ƙofa da tafin hannu ya ce, "Ke, rage gudu! Ina za ki?"

Muka yi ta zagayen dandali har yunwa ta kama mu. Sixten ya same mu wurin mai gasa nama, ya zagaya Jirgi, ya leƙa inda kujerar baya take a da, ya ce, "Injina ne ya ɗauki zafi, shi ya sa ban wuce ku ba." Evert ya ce, "Na sani. Duk injinan ƙungiya sun ɗauki zafi yau." Shekaranjiya Sixten ya zo shan kofi. A kan kujerar baranda ya zauna, ban gaya masa tarihinta ba sai da ya cika baki.

Na sa ƙwayar masarar nan a cikin ambulan. Ki ba Wade, ki ce wani abu dai daga Jirgi ya koma gida. In kuma gwiwar ƙarfen ta yarda ki hau jirgin sama, ki zo. Ba wurin mutum na huɗu a motar, amma zan ba ki tsakiya sau ɗaya, ni in jira a baranda.

Abu na ƙarshe. Kin san duk bazara hannun Evert na hagu ne yake ƙonewa da rana, na tagar direba, na dama kuwa fari fat kamar madara. Da muka dawo na ga na daman ya yi jajir har kafaɗa, karo na farko a rayuwarsa. Ina shafa masa mai yana cewa in yi a hankali, tsohuwa mai hannun ƙarfe. Da na gama ya ce, "Gunhild, kira min yarinyar nan. Tambaye ta gobe ina za mu."

Ki gai da kowa da kowa. Allah ya bar mu tare.

Ƙawarki mai tafiya a hankali,
Gunhild